Hannun Maigidana da Bindigarsa ta Ƙarshe

Da sunan Allah mai bayarwa, mai karɓar abinsa a lokacin da ya so. Ni ban iya riƙe alƙalami ba. Matar ɗana ce zaune a gefen tabarmata tana rubuta abin da nake faɗa, na kuma gaya mata in kuka ya zo mini kada ta tashi, ta jira ni.

Maigidana ya rasu a ƙarshen daminar bana, a gidan babban ɗanmu da ke unguwar Bolori a Maiduguri. An shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin kwata. Dillalan kasuwar shanu, abokan ɗanmu, sun zo da manyan riguna, suka yi fatiha, suka ce tsoho ya huta. Maharba ma sun zo, amma ba su hau tabarma ba. Jikin katanga suka tsuguna kamar yadda suka saba a daji, ba mai magana, sai shugabansu ya aiko a gaya mini an yi rashin mutum. Mata masu itace kuwa har cikin ɗaki suka shigo, wasu da gammo a hannu. Wata dattijuwar Babarbariya ta kama ƙafata tana ta yi mini sannu da yarensu, "Wushe, Inna, wushe da haƙuri," har muryarta ta dushe. Kukan da matan nan suka yi, dangi ma ba su yi shi ba.

Ƙanin maigidan ya leƙo ya yi mini gaisuwa, ya ce, "Yaya ya cika a kan shimfiɗarsa, an wanke shi, an yi masa sutura. A wannan zamanin ai wannan arziki ne." Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, domin gaskiya ya faɗa, mutane da yawa ba a ga ko gawarsu ba. Amma ni na san ba abin da marigayin ya tsana a duniya kamar shimfiɗar nan.

Jikokinmu ƙanana ba su san shi ba sai a matsayin tsoho mai zama a tsakar gida da hannuwa a cinya. Shi ya sa nake so a rubuta wannan.

Mu mutanen ruga ne. A daji aka haife shi, a daji aka kai ni gidansa, a bayan shanu muka yi ƙuruciyarmu muka fara tsufa. Da fitinar nan ta zo, yaran daji masu bindigogi suka kora garken gaba ɗaya, muka shigo Maiduguri da tabarma da tukunya da bindigarsa ta toka, wadda a da ba ya harba ta sai don kura. Babban ɗanmu dama ya riga mu shigowa gari, ya zama dillali, shi ya ba mu ɗaki. Allah ya yi masa albarka, bai rage mu da komai ba. Amma uban nasa yakan tsaya a tsakar gida ya ce, "A daji in na buɗe ido, sai inda ganina ya gaji yake tsayawa. Nan kuwa ido yana fita zai yi karo da bulo." Kullum bayan sallar asuba sai ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya ce yau za a yi ruwa ta gabas, ko ya ce ciyawa ta fito a fadama. Ba wanda wannan labarin zai yi wa amfani a gidan, amma bai fasa faɗa ba.

Ɗanmu ya gwada tafiya da shi kasuwar shanu ko zai rage zaman kaɗaici. Abin bai yi tsawo ba. Mai saye yana taya saniya, sai tsohon ya duba idonta ya ce, "Wannan ba za ta kai rani ba." Ɗan ya dawo gida yana riƙe da kai, ya ce, "Baba, don girman Allah, in gaskiya za ka faɗa ka riƙa faɗarta a gida."

Wanda bai san garin nan ba, bari in gaya masa yadda muke zaune. An haƙa rami ya kewaye gari, an bar ƙofofi da sojoji ke tsaro. Sai rana ta ɗaga ake buɗewa, kafin ta faɗi kuma an rufe. Ba mai fita sai wanda yunwa ta kora: manoma na kusa, da mata masu neman itacen sayarwa. Su ma ba sa fita sai da rakiyar maharba. Maharbi yakan tsaya can gefe yana duban daji yayin da mata ke sara. In ya ga abin da bai yarda da shi ba sai ya yi harbi, matan su zubar da itace su runtuma zuwa ƙofa. Da maigidana ya ji haka, washegari ya ɗauki bindigarsa ya tafi wurin shugaban maharba. Ba don abin da za a ba shi ba ne. Ita ce kawai hanyar da ta rage masa ta taka ƙasar da ba a shafe da siminti ba.

Ranar da ya fara fita, da ya dawo na ji ƙanshin tafasa a rigarsa. Ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Al'adar matan ce kowace ta zare itace ɗaya ko biyu daga daminta ta ba maharbi ladan rakiya. Shi yakan karɓa don kada su ji kunya, ya ɗauko har bakin ƙofa, sannan ya ɗora wa wadda daminta ya fi ƙanƙanta. Tsawon shekarun da ya yi yana rakiya, ko tsinke bai taɓa kawo mini ba. Na yi masa mita, na ce mijin masu itace, matarsa tana sayen gawayi. Ya ce, "Ke kina da ɗa a kasuwa. Ita waccan wa take da shi?"

Sai ciwon hannu ya zo. Amosanin gaɓɓai, in ji masu magani. Yatsunsa suka kumbura suka karkace kamar citta. Da farko carbi ya fara suɓuce masa, daga baya zariyar wando ma sai na ɗaure masa. Da safe nakan dafa ruwa ya tsoma hannuwan, in shafa musu man shanu, in lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya yana cije leɓe. An kai shi asibiti, an ba shi ƙwayoyi, sukan kwantar da zafin amma ba su miƙar da yatsa ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne bindigar. Ya ce tun da hannunsa ya lalace ita ma ta canza hali, haurinta ya ƙaru. Duk ranar da ya harba ta sai kafaɗarsa ta yi baƙi, babban yatsansa ya kwana biyu bai motsu ba. Har ya fara cewa ko bindigar ce ta gaji da shi.

Wata rana a daji ya hangi ƙurar babura daga nesa, ya yi harbin gargaɗi. Bindigar ta fizge daga hannunsa ta faɗi can baya, shi ma ya zube. Matan sun tsira, baburan ma ashe ba wajensu suka nufa ba, amma sai da mata biyu suka dawo suka ɗaga shi. Da yamma shugaban maharba ya zo da kansa. Mutum ne mai ladabi, sa'an ƙanin maigidan. Ya ce, "Baba, ba raini ba ne. Amma wanda bindiga ke faɗuwa daga hannunsa, ba zan tsayar da shi a kan rayukan mata ba. Ranar da ka samu wadda hannunka zai riƙe, ka harba a gabana ta zauna, ƙofa taka ce."

Daga nan ya zauna a gida. Ban taɓa ganin mutum ya ragu da sauri haka ba. Ya daina shaƙar iskar asuba. Yakan zauna fuskarsa na kallon katanga, in an kawo abinci ya taɓa ya ture. Ni a raina, wallahi, daɗi na fara ji, domin na huta da zaman jiran la'asar da kunne a waje. Amma daɗin bai daɗe ba. Mijin da na samu a gida ba shi ne wanda nake so ya zauna ba.

A nan ne suka yi faɗa da babban ɗanmu, faɗan da ba su taɓa yin irinsa ba. Uban ya ce a nemo masa wata bindiga. Ɗan ya ce, "Baba, me ka rasa? Ci ne ko sha? Mutane suna nuna ni a kasuwa, wai ga wanda ya bar tsohonsa yana yawon daji da hannu a shanye."

Uban ya ce, "Tunkiyar da kuke turkewa don layya ma ba ta rasa ci da sha ba."

Ɗan ya tashi ya fita. Sun daɗe gaisuwa kawai ke haɗa su. Ba na ganin laifin yaron. Tsoro ne, ya ga gawarwakin da ake shigowa da su.

Ƙanin maigidan shi ya fara ƙoƙari. Ya aro wata bindiga mai harsashi wurin wani maharbi, siririya, ba nauyi, ya ce ai wannan ko yaro zai ɗauka. Suka je filin da maharba ke gwaji. Kafin azahar suka dawo. Maigidan ya ce wurin da ake dannawa a ɓalle ta a sa harsashi ya fi ƙarfin babban yatsansa, da aka sa masa kuma ya harba, sai da ya ji kamar an sare masa wuyan hannu. Ya ce, "Mai nauyi ban iya ɗaga ta, marar nauyi ban iya riƙe ta. Shi ke nan, an rufe."

Kalmar nan ta "an rufe" ita ta tayar da ni. Na ɗauki mayafi na hau keke zuwa Hausari, wurin wani tsohon maƙeri Babarbare, abokin wasansa, wanda ke yi wa maharba gyara. Na gaya masa komai. Ya rufe maƙera ya biyo ni.

Tun daga zaure ya fara ɗaga murya. "Ina bawan nan nawa? An ce Fulata ya zama amarya, ba ya fita ko ƙofar gida. Na zo ganin lalle."

Maigidan, wanda ya yi kwanaki ban ji muryarsa sosai ba, ya ce, "Ku ɓoye tuwo, mai tsage ya shigo."

"Tuwon Fulani? Wanda in ka yi atishawa zai tashi sama? Ɗauko min tsohuwar bindigar taka in gani."

Maƙerin ya juya bindigar, ya leƙa bakinta, ya ce lafiyarta lau. Ya ce wadda ƙanin ya aro kuskure ce tun farko: bindiga mai nauyi takan shanye fushinta a cikinta, marar nauyi kuwa a kafaɗar mai ita take saukewa. Sannan ya ce, "Ɗura ta a gabana, yadda ka saba."

Maharba ba sa auna albarushi da cokali. Sukan zuba, su tura ƙarfen ɗuri cikin bututun, abin da ya rage na ƙarfen a waje su auna shi da yatsu a jere. Maigidana tun yana saurayi yatsu uku yake sawa, haka ubansa ya koya masa. Ya zuba, ya tura ƙarfen, ya jera yatsunsa uku, ya ga da saura, ya ƙara, har ya cika.

Maƙerin ya daɗe yana kallo. Sai ya jera nasa yatsun a wurin. Huɗu suka shiga, da ɗan sarari.

Ya ce, "Kai Fulata, Allah ya shirye ka. Ukun da ubanka ya koya maka na siraran yatsun makiyayi ne. Dubi abin da kake aunawa da shi yanzu. Hannu yana kumbura, kana ƙara mata wuta, sannan ka ce ta canza hali. Ai ta yi maka kara da ba ta fashe a fuskarka ba."

Maigidan ya dubi hannunsa kamar na wani. Ban ga ya yi dariya ba, maƙerin ma ya daina.

Duk da haka maƙerin ya ce tsohuwar ta yi masa tsawo da nauyi. Ya ce zai haɗa masa wata mai ƙaramin baki, ba doguwa ba, mai ɗan nauyi a gindi, ya faɗaɗa kunamarta yadda yatsu biyu za su ja ta tare. Awo kuma zai yanka masa kan ƙahon akuya, a cika shi a shafe, ba ƙari. A nan gardama ta tashi. Maigidan ya ce maharbi da yatsansa yake awo, wanda ya auna da ƙaho ai mai sayar da yaji ne. Maƙerin ya ce, "To zauna da yatsunka. Ni zan zo in riƙa gaishe ka ta taga." Sai da aka kai ruwa rana kafin ya karɓi ƙahon, kuma har ya rasu bai taɓa fitar da shi a gaban sauran maharba ba.

Ni aka ba aikin matashin da za a ɗaura a gindin bindigar. Na ɗinka shi da fatar akuya na cusa audugar rimi. To a al'adarsu mace ba ta taɓa bindigar maharbi, tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ko goge mata ƙura ba. Ranar da za a ɗaura matashin, yatsunsa suka kasa ƙulla igiya. Ya yi ta fama, can ya ce, "Tura ƙofar nan." Na tura. Ya ce, "Zo ki riƙe min nan, amma kada ki taɓa."

Na ce, "Malam, yaya zan riƙe ban taɓa ba?"

Ya ce, "Ke dai riƙe. Allah ya san larura."

Ranar gwaji ban je ba, ba wurin mata ba ne. Maƙerin ya ba ni labari: ya ɗaga, ya harba, bindigar ta zauna a kafaɗarsa kamar jariri. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shugaban maharba ya biyo su har gida, ya ce a kira ni zaure.

Ya ce, "Inna, harbi ya yi kyau, alkawari kuma na ɗauka. Amma na ga abin da ya kamata ki sani. Sake ɗuri yana ɗaukar sa lokacin da mace za ta dafa shayi. Harbi ɗaya yake da shi. In ya yi shi, mata za su gudu, mu ma za mu ja da baya. Shi ba ya gudu."

Maigidan ya ce, "Harbi ɗaya ya ishi mata su ji."

Shugaban ya ce, "Na sani, Baba. Ba kai nake tambaya ba."

Babban ɗanmu yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona, na san abin da idonsa ke roƙo. Maigidan kuwa bai dube ni ba. Ƙasa yake kallo, mutumin da bai taɓa neman izinin kowa ba kafin ya shiga daji. Na ga in na ce a'a zan same shi a gida kullum, ina kallonsa yana narkewa. In na ce to, wata rana a kawo mini hularsa. Na nemi hanya ta uku ban samu ba.

Na ce, "Ku bar shi ya tafi."

Ɗana ya ce, "Inna!" Na ce, "Na ji ka. Ni na san shi kafin ka san shi."

Ya yi rani guda yana fita. Kullum in rana ta karkata nakan bar abin da nake yi in zauna kusa da zaure, duk ƙarar da na ji daga nesa sai in miƙe in leƙa waje. Shi kuwa ya koma shaƙar iskar asuba. Ya dawo da labarin inda kanya ta yi 'ya'ya, da inda ya ga sawun gada. Har shi da ɗan nasa suka koma cin abinci a kwano ɗaya. Ko ya taɓa harba bindigar a waje, bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Da damina ta sauka, sanyi ya shiga yatsun fiye da da. Wata safiya ya fita kamar kullum, hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga shi ya dawo. Na ce lafiya, ko ba a buɗe ƙofa ba? Ya ce an buɗe. Ya ce yana cikin layi, matan na gabansa, ramin ga shi nan, har yana hango ciyawa a ƙetare. Sai ya gwada lanƙwasa yatsun nan biyu a cikin aljihu, kamar yadda yake yi kowace safiya kafin ya ƙetare. Suka ƙi. Ya sake gwadawa, suka ƙi.

Na ce, "Wani ya gani?"

Ya ce, "Ba wanda ya gani. Da na wuce ba mai hana ni." Sannan ya ce, "Amma matan nan in sun waiwayo suka gan ni tsaye, za su ci gaba da sara hankali kwance. Ba zan tsaya musu da sanda su ɗauka bindiga ce ba."

Da kansa ya miƙa wa shugaban maharba ita a bakin ƙofar, ya juyo ya tako gida a ƙasa. Wannan karon ba wanda ya rufe shi. Bai yi mita ba, bai juya wa kowa baya ba, yakan zauna da jikoki a tsakar gida. Amma abinci ya ragu, magana ta ragu, sai tari ya shigo ya samu jiki ba mai tare shi. Kafin gero ya nuna ya tafi.

Ya taɓa ce mini in ya mutu a kai shi tsohuwar rugarmu, kusa da ubansa. Shi ma ya san ba mai iya zuwa can. A cikin gari aka binne shi, ta wannan gefen ramin.

Yanzu ni ce a ɗakin, ina takaba, daga shimfiɗa sai bakin ƙofa. Ina kallon bulon da ya yi ta kallo. Duk wanda wannan rubutu ya iske, ina roƙonsa fatiha ɗaya ga maigidana. Allah ya gafarta masa, ya karɓi rakiyar da ya yi wa bayinsa mata. In kun zo wurin da ake cewa Allah ya yalwata kabarinsa, don Allah kada ku faɗe shi da sauri. Mutum ne da ba ya iya zama a ƙunci. Ya Allah, ka buɗa masa har inda ganinsa zai gaji. Amin.